Motar Ƙanƙarar Rilwanu da Katangata

Faɗan da na fi tunawa tsakanina da Rilwanu a kan ruwan rijiya muka yi shi. Da bazara ne, rijiyata ta ja baya har sai da aka ƙara igiya, guga yana dawowa rabi ruwa rabi laka. Na fito daga ɗaki bayan azahar na tarar da shi a bakin rijiyar, ƙaton mutum da furfura a gemu, ga jarka huɗu a gabansa, ya cika uku. Na tambaye shi ko haihuwa aka yi a gidansu ban ji labari ba. Ya ce a'a, Iya Mero, Baƙuwa ce take jin ƙishi, wato motarsa. Na ce to ni tun da na zo unguwar nan mutane da awaki nake shayarwa, ba a haƙa wa ƙarfe rijiyar nan ba, ya juye min ruwana a randa ya kama gabansa. Ya tsaya yana yi min bayani wai jarka ɗaya ta rage ya ga ko sabon lagireton zai riƙe. Na ɗauko muciya. Ya juye biyu, ya gudu da ɗaya, yana dariya yana Allah ya huci zuciyar Iya. Na bi shi har zaure ina faɗa masa cewa uwarsa Hajiya Batul, Allah ya jiƙanta, da ta san abin da za ta haifa ke nan da tunkiya ta roƙa, ko ba komai a yi layya.

Ina da bakin faɗa masa haka. A gabana aka yanke masa cibiya. Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da na ubansa Malam Jumare, a nan cikin lungunan Ƙofar Kibo, kuma ni da uwarsa ta kan katangar nan muka shekara talatin muna miƙa wa juna gishiri da tsegumi. Gidansu gidan malamai ne. Wanda bai zauna a buzu ba ya zauna a kujerar gwamnati. Wansa Alhaji Abdulbaƙi a kotu ya ƙare aikinsa, har yau idan zai gaishe ka sai ka ji kamar hukunci zai karanta. Rilwanu kaɗai ya fito da baƙin farce. Tun yana ƙarami ya kwance keken ɗinkin uwarsa, ya mayar, ya rage ƙusa uku a hannunsa, keken kuma ya fi da gudu. Da ubansa ya ga allo ba zai riƙe shi ba, ya sallama shi ga koyon gyaran inji, daga nan ya shiga garejin ma'aikatar gona. Shekara talatin da wani abu yana kwance ƙarƙashin motocin noma.

A bayan garejin nan ya ga Baƙuwa. Ni na sa mata sunan, don baƙon kirki kwana uku yake yi. Mota ce, amma ba ta da taya irin ta mutane. Kowane gefe nata bel ne na roba mai faɗin tabarma, an jera masa sandunan ƙarfe a gicciye, yana zagaya wasu ƙananan tayoyi a ciki. A sama akwati ne mai ƙofa biyu da gilashi, launin ruwan goro da ya koɗe. Rilwanu ya ce a ƙasar Turawa aka yi ta, inda ƙanƙara take zuba kamar gari ta rufe hanya da gona wata da watanni. Ya nuna min hotonta a cikin littafinta, tana tsaye a kan wani farin fili. Na ce wannan ai auduga aka shanya. Wasu Turawa ne suka zo da ita tun yana sabon ɗauka, wai tunda ba ta nutsewa a ƙanƙara ba za ta nutse a lakar fadama ba. Suka gwada damina ɗaya, ta riƙa tafasa tana mutuwa, suka jingine ta suka koma garinsu. Ta zauna ciyawa ta cinye ta. Da ya ajiye aiki aka yi gwanjon tarkace, kowa ya ɗauki abin da zai yi amfani, shi ya ɗauki wannan.

Ba hauka ba ne gaba ɗaya, wannan zan faɗa masa ko a kabari. Suna da gona a fadamar Galma, kuma duk wanda ya san wurin ya san yadda rake da shinkafa suke lalacewa a ciki idan ruwa ya sauka, don motar noma ta shiga sai ta kafe, jaki ma sai an ciro shi. Nufinsa Baƙuwa ta riƙa shiga lakar tana fito wa manoma da kaya bakin titi. Ya ce Turawan ba su yi kuskuren ƙafa ba, kuskuren ciki suka yi. Inji ne na ƙasar sanyi, ba wanda ya koya masa zaman Zazzau.

Shekarar da aka haifi jikata Radiya, wadda yanzu take goyon na biyu, ya kawo ta gida. A lokacin bayan gidansu kango ne, gidan su Bahago da ya rushe tun da daɗewa, magada sun watsu, ba a raba ba. Kowa ta nan yake yanke hanya. Babbar mota ta sauke ta a bakin titi, shi ya hau, ta taho da kanta ta cikin kangon tana tari tana hayaƙi, mutanen unguwa a bayanta kamar an ga kura. Ta shiga ta inda katangar bayansu ta faɗi, ta kai filin da ake ɗaure awaki, ta yi wani irin huci, ruwa ya tashi daga hancinta, ta mutu. Ya sauko yana share zufa, ya ce gyaran wata uku ne.

Ni ban yi boko ba, allo ma iyakata abin salla. Amma shekara ashirin da wani abu ina jin mutum yana magana da ƙarfe ta bayan katanga, dole wani abu ya maƙale. Ranar da na zage shi a kan baƙin hayaƙin da ya sauka a kan ƙuli-ƙulin da na shanya, maimakon ya ba ni haƙuri sai ya leƙo ta kan katanga ya tambaye ni, idan na cusa itace a murhu na toshe bakin me zai faru. Na ce hayaƙi, kamar wanda ya ɓata min sana'a. Ya ce to shi ke nan. Iskar ƙasar sanyi nauyi gare ta, kaɗan ta ishi wuta. Tamu ta zafi shara-shara ce, injin yana zuƙa ba ya ƙoshi, ga kafireta tana ta zuba masa mai irin na can. Kuma wai har wani bututu suka yi mata da yake ɗebo iska mai ɗumi daga jikin salansa, don kada maƙogwaronta ya daskare. A Zariya. Ya cire bututun ya juya bakin waje, ya ƙanƙance hanyar man. Hayaƙin ya ragu, ban ce masa ya ragu ba.

Daga nan ya koma kan tafasar. Lagireton da ta zo da shi ɗan ƙarami ne, har da labulen ƙarfe a gabansa na tare sanyi. Ya yar da labulen, ya samo lagireton tsohuwar tifa, ya yanka hancin motar don ya zauna, ya sa fanka mai fiffike da yawa. Ya zubar da baƙin man da littafin ya ce a sa, mai ruwa-ruwa, ya zuba mai kauri. Duk wannan ya ci shekara biyu, don kowane abu sai ya je Panteka a Kaduna ya tono shi da hannunsa. Ta daina tafasa da wuri. Sai ya ce yanzu saura ƙarfi, laka ta fi ƙanƙara riƙo, abin da ya ja ta a can ba zai ja ta a fadama da kayan rake a baya ba. Ya sauke injin gaba ɗaya, ya baje shi a kan tabarmi uku a ƙarƙashin rumfa. Kan injin kuwa ya kai shi Kaduna don a kankare shi, a faɗaɗa ramukan fistin.

Yana cikin wannan hali magadan Bahago suka tuna suna da gado.

Suka zo da malamai da igiya, aka auna, aka kafa duwatsu. Mai unguwa Yari da kansa ya zo ya ce wa Rilwanu ya fitar da abarsa kafin a haƙa tushe. Mazan unguwa suka ce a kawo tifa a ɗaura sarƙa a ja ta, su kuma su tura, aikin hantsi ɗaya ne. Ni ma na leƙa na ce ka ji maganar mutane. Ya ƙi. Akwai wata majalisa a bakin titi, tsofaffin ma'aikata ne masu jarida da carbi, tun ranar da ta shigo suke tambayarsa yaushe za a yi ƙanƙarar. Ya ce ba za a ja motarsa ta gabansu kamar mushen jaki ba, da ƙafarta ta shigo. Ya je ya sami Ɗahiru, babban magadan, wanda rabonsa ya faɗo daidai bayan gidansu, ya roƙe shi ya dakata masa zuwa bayan damina. Ɗahiru ya ce haba Malam, ba komai, ai gida ɗaya ne, sai ka shirya.

Duk ɗan cikin ganuwa ya san nauyin "ba komai" idan ƙarami ya faɗa wa ɗan malaminsa ido da ido. Ba zai iya cewa a'a ba, shi ke nan abin da take nufi. Rilwanu ya fi kowa sani, shi ma haka yake yi wa mutane. Amma ranar ya ga dama ya ɗauke ta alkawari. Ɗahiru bai saɓa ba, shi bai aza ko bulo ɗaya ba. Sayar da rabonsa ya yi wa wani ɗan kasuwa da bai taɓa karatu a zauren Malam Jumare ba, bai kuma ce wa kowa "ba komai" ba. Kafin kan injin ya dawo daga Kaduna an zuba kankare, kafin a haɗa fistin an kai linta. Bene hawa biyu. Aka bar lungu a gefe, kuma a garin nan faɗin lungu da makara ake auna shi, in mutum huɗu za su wuce da gawa to ya isa.

Ranar da injin ya tashi da sabon ƙarfinsa, kwanukan jerena suka riƙa kaɗawa a ɗaki. Murya ta canza, tarin ya tafi, sai wani gurnani daga ƙasa. Ya sa giya, ta yi taku shida gaba ta iske bangon bene. Ya dawo da ita taku shida ta iske bayan ɗakin matarsa Safiyatu. Iyakar duniyarta ke nan.

Ya je wa wansa da maganar zaure. Zauren nan kakansu ya gina, mai bakan gizo a rufi, a nan ubansu ya karantar har ya rasu. Rilwanu ya ce a buɗe gefe ɗaya, a fitar da ita, shi zai mayar da ginin yadda yake. Safiyatu ta ba ni labari, ta ce Alhaji Abdulbaƙi bai ɗaga murya ba. Ya naɗe tabarmarsa ya ce ranar da aka fitar da gawarsa ta ƙofar zauren nan, wanda ya rage ya yi abin da ya ga dama. Rilwanu bai sake tayar da maganar ba. A gida ɗaya suke, masallaci ɗaya, sahu ɗaya, gaisuwa ba ta yanke ba, ba ta kuma ƙaru ba.

Mutum mai hankali a nan zai tsaya. Shi sai ya ƙara kafireta ta biyu. Ya yi salansa da bututun rijiyar burtsatse. Ya sauke giya ya canza haƙoranta don ta ja a hankali da nauyi. Kowace safiya bayan ya karya zai shiga ya rufe ƙofa, taku shida gaba, taku shida baya, har bel ɗin ya haƙa kwari biyu a tsakar gidan, da damina su cika da ruwa agwagin Safiyatu su yi wanka. Da wayoyin hannu masu hoto suka zo, 'yarsa ta nuna masa Turawa tsofaffi irinsa suna tuƙa irin motar a kan duwatsun ƙanƙara, fili iya ganinka. Sai ya zauna a cikin tasa da wayar, gilashi a rufe, zafin bazara kamar tanda, bangon bene a gaban hancinsa. Safiyatu takan shanya kuɓewa a kan rufin yana ciki. Ta ce min wani lokaci tana jin tsoron leƙawa.

Ni ma a lokacin gwiwoyina sun fara cin amanata, zaure ma sai da dalili nake kaiwa. Idan na ji gurnanin ya tafi ya dawo, ya tafi ya dawo, sai in ji kamar a ƙirjina ake yi. Ina zaginsa ta kan katanga, yana amsawa da Allah ya ja kwanan Iya.

Sai ɗana Muntasir, da yake aiki a Abuja, ya fasa katangarmu ta wajen titi ya sa ƙofar ƙarfe mai faɗi, don ya riƙa shigo da motarsa idan ya zo salla. Ba a gama fentin ƙofar ba Rilwanu ya yi sallama. Ya zo da goro da turare, ya durƙusa, abin da bai yi min ba tun ranar aurensa. Ya riga ya auna da ido. Daga inda Baƙuwa take, in an buɗe katangar tsakaninmu, za ta ratsa ta gefen madafina, ta bar rijiya a dama, ta fita ta ƙofar Muntasir zuwa titi.

Na ce masa katangar nan mijina Malam Nasidi ya gina ta da hannunsa, ni na riƙa miƙa masa tubali da cikin fari. Madafina a jikinta ya jingina. Kuma ni ba zan buɗe gidana don abar da za ta mutu min a bakin rijiya ba. Ya ce ba za ta mutu ba. Na ce, don dai ya tashi ya ba ni wuri, ranar da ta yi kuka daga kiran azahar zuwa kiran la'asar ba ta tafasa ba, ba ta yi shiru ba, ya dawo mu yi magana. Na faɗa ne ina da tabbacin ba za ta iya ba, don ban taɓa jin ta wuce dahuwar shinkafa ba. Wato ni ma nawa "ba komai" ɗin na ba shi, sai dai nawa da ƙaya a jiki.

Shekara bakwai yana bin wannan magana. A cikinsu ne muka yi faɗan rijiya. A cikinsu ciwon suga ya kama shi, ya rame, idonsa ya rage, sai da madubi biyu yake ganin kan ƙusa. Sau nawa ina jin ya tayar da ita da azahar, in zauna ina tsinke zogale ina jira, kafin in gama in ji huci, in ji shiru, in ji ƙarar sifana a ƙasa. Ya sa lagireto na biyu a baya. Ya huda gefen akwatin injin kamar rariya.

Bara waccan, saura kamar sati uku ruwa ya sauka, ya tayar da ita ladan yana kiran azahar. Ya bar ta tana yi ya je ya yi salla ya dawo. Na yi tawa sallar. Na tsinke zogale, na wanke, na ɗora. Gurnanin bai canza ba. Na jawo kujera na zauna na dafa katangar da tafin hannu, ƙasa tana zubo min a yatsu. Wallahi ban san wanne nake roƙo ba. Da aka kira la'asar ya kashe ta da hannunsa, unguwa ta yi tsit har ina jin tattabarun bene. Bai leƙo ba. Ni na ɗaga murya na ce, "Rilwanu, ka nemo masu diga. Amma ka mayar min da ita kafin ruwa."

Alhaji Abdulbaƙi ya aiko a ce min in yi tunani. Muntasir ya kira a waya yana ta Turanci. Na ce musu ni na yi magana, kuma ban kai shekarun nan don ɗan da na ga cibiyarsa ya kama ni da ƙarya ba.

Ranar Asabar da hantsi aka fasa, daidai faɗinta da ɗan tazara, don na hana a ƙara ko taƙi ɗaya. Aka baje tubalan aka yi mata tudu. Aka buɗe ƙofar Muntasir, titi ya bayyana, har 'yan majalisar nan, waɗanda suka rage da rai, sun taso sun tsaya daga nesa. Rilwanu ya fito da farar riga da hula kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ya shiga, ya yi bisimilla, ya tayar. Ta juyo hancinta wajen gidana a hankali, karo na farko da ta kalli wani abu ban da bangon bene. Ta fara hawa tudun. Gabanta ya shigo gidana, ina ganin fuskarsa ta gilashi. Tubali ya zame a ƙarƙashinta, ya ƙara mata wuta, injin ya amsa da duk ƙarfin da ya shekara ashirin yana tara masa.

Bel ɗin hagu ya tsinke. Ƙarar kamar an harba bindiga, sandunan ƙarfe suka watsu, ɗaya ta fasa min randa. Na dama ya ci gaba da ja shi kaɗai, motar ta murɗe ta soke kafaɗa a katanga, ƙugunta ya daki ɗaya gefen. Ta cije. Robar nan tun zuwan Turawa take shan ranar Zazzau. Ya san kowace ƙusa a cikin injin da sunanta, bel kuwa kullum yana gani baƙi ne mai kauri, ciki ya bushe kamar ganda.

Ƙofofin biyu duk katanga ta danne su. Yana ciki, ya kashe injin, ya ɗora hannu a kan sitiyari. Aka yi ta magana ta gilashi bai juyo ba. Sai da aka cire gilashin gaba aka zaro shi ta nan kamar ɗan akuya, farar rigar ta yage a kafaɗa. Ba wanda ya yi dariya, har 'yan majalisa. Da sun yi da ya fi masa sauƙi. Aka kawo maganar tifa da sarƙa, masu gini suka ce in aka ja ta a haka rabin katangar zai biyo ta har da madafi. Sai an ɗaga ta an sa mata bel ta daidaita kanta.

Kwana biyu bai fito ba. Rana ta uku ya tafi Kaduna, ya dawo da wani dogon bel na masaƙar da aka rufe, irin wanda yake jan kaya. Ya shimfiɗa shi a tsakar gidansu ya fara huda ramuka yana ɗaura sandunan ɗaya bayan ɗaya, sittin da wani abu ne. Ina jin guduma daga safe zuwa yamma. Ya kai ta ashirin da ɗaya sanda ta kuɓuce ta faɗa masa a babban yatsan ƙafa. Ɗan ciwo ne, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Mai suga ba ya wasa da ƙafa. Cikin kwana goma ta kumbura ta yi baƙi, aka kai shi asibiti, aka yanke yatsan, aka yanke na kusa da shi, aka dawo da shi gida ya kwanta.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Muntasir ya turo magina da masu yankan ƙarfe, da saƙon a yanka gaban motar da ya shigo mana, a tayar da katanga da bulo a rufe. Gaban nan shi ne injin. Suka shigo da tulun gas ɗinsu suka ajiye a bakin rijiya. Na tambayi babbansu ko uwarsa tana da rai, ya ce tana nan. Na ce to ya je ya yanka abin da ke tsakar gidanta. Na zauna a kan tubalan da ke gaban motar da sandata, na ce sai dai su fara da ni, kuma ni na fi ƙarfen tauri. Suka kira Muntasir, na ƙi karɓar wayar. Suka kwashe kayansu.

Kwana huɗu bayan nan ruwan farko ya sauka, mai iska. Ya sami bakin katangar a buɗe ba yaɓe, ya shiga cikinta. Kafin ya ɗauke, madafina ya kwanta, da tukwanen suyar da na yi aure da su a ƙarƙashi. Na hana Safiyatu ta faɗa masa.

Bai ga ƙarshen daminar ba. Bayan an yi sadakar arba'in Alhaji Abdulbaƙi ya kira masu sayen tsohon ƙarfe, suka yanka ta da wuta cikin kwana biyu, suka fitar a baro ta ƙofar Muntasir. Injin sai da mutum shida suka ɗaga, wanda ya saya ya ce bai taɓa ganin irin aikin da aka yi a cikinsa ba, wai injin niƙa zai mayar da shi. Yanzu bulo ne tsakanina da gidan, ya fi tsohuwar katangar tsawo, ba a leƙe.

Ganina na ƙarshe da shi ranar wata Laraba ce, kwana uku kafin ya cika. Na zagaya ta lungu da sanda, ina hutawa a kowace dakali, tafiyar da da nake yi kafin ruwa ya tafasa. Yana kwance a ɗakin Safiyatu, an juya masa gado yadda zai ga bayan motar ta taga. Sabon bel ɗin yana nan a shimfiɗe, ruwa ya kwanta a kai. Ya yi ƙoƙarin tashi na ce ya kwanta, ba sarauta na zo ba shi ba. Ya ce ya ji an ce magina sun zo. Na ce sun zo. Ya kalli rufi ya ce, "Iya, in kin ce a yanka, a yanka. Na riƙe miki gida da yawa. Saura arba'in da uku ne dai, da na samu sati biyu a tsaye."

Safiyatu ta juya fuska wajen bango. Na dafa sandata na miƙe, don in na ƙara zama ba zan iya tashi ba.

Na ce, "Na kore su, kuma ko sun dawo zan sake kora. Ba mai sa mata wuta ina numfashi a gidan nan. Amma kada ka ga kamar kyauta na yi maka. Ka warke ka zo ka ɗaura sauran, ka fitar min da abarka ta ƙofa. Kuma ranar ni ce a gaba kusa da kai, sai ka kai ni na ga fadamar nan da ka ishe mu da ita."